Gigin Tsufa Ciwo Ne, Ba Maita Ba

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta

Ranar Talatar da ta wuce, bayan an tashi, wata tsohuwa ta tsaya a bakin ƙofar makarantarmu tana cewa ta zo ɗaukar ɗanta ɗan aji ɗaya. Wasu daga cikinmu suka kewaye ta suna dariya, har wani ya kira ta mayya. Can sai ga wani magidanci mai furfura ya iso da gudu, ya kama hannunta ya ce, "Inna, zo mu tafi gida." Ashe shi ne ɗan da take nema. Mun ji kunya, shi ya sa muka ga ya dace mu yi magana a wannan allo.

Abin da ke damun wannan baiwar Allah shi ne abin da muke kira gigin tsufa, ko cutar mantuwa. Ciwo ne da ke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, har mutum ya manta hanyar gidansu, ya manta ya ci abinci, ya kasa gane 'ya'yan cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da shi a duniya, kuma sama da kashi 60 cikin ɗari suna zaune ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin namu. Nau'in da ya fi yawa shi ne cutar Alzheimer, wadda aka sa wa sunan likitan Jamus da ya yi bayaninta a shekarar 1906. Wani nau'in kuma yana biyo bayan hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Ba kowane tsoho ne ke kamuwa da shi ba, don haka kuskure ne a ce "ai tsufa ne kawai" a bar mutum a ɗaka.

Ra'ayinmu shi ne, kula da irin waɗannan tsofaffi aikin gida ne gaba ɗaya, har da mu ɗalibai. A gidaje da yawa nauyin yana faɗawa kan mace ɗaya, ko 'yar tsohon, ko surukarsa, ko jikarsa. Ita ce wanki, ita ce ba da abinci, ita ce kwana a zaune. A ajujuwanmu akwai 'yan mata da ke gyangyaɗi a darasin farko saboda sun kwana jinyar kaka, alhali yayyensu maza sun yi barcinsu har safe. Wannan ba adalci ba ne. Namiji ma zai iya ɗaga kakansa ya kai shi bayi, ya wanke masa tufafi, ya raka shi asibiti.

Wani zai ce mu yara ne, ba likitoci ba. Gaskiya ne, amma akwai abin da muka iya. Mu ne masu karatu a gida, don haka mu rubuta sunan kowane magani da lokacin shansa a takarda, mu liƙa a bango, mu riƙa sa alama idan an sha. Mai mantuwa yakan sha magani sau biyu ko ya ƙi sha sam. Maganin hawan jini da na ciwon suga ba a daina su don an ji sauƙi, sai likita ya ce. Mu kuma tuna wa manya ranar komawa asibiti.

Faɗuwa ma babban haɗari ce, domin ƙashin tsoho ba shi da ƙwari. Santsin banɗaki, bakin tabarma da ya naɗe, da duhun dare idan an ɗauke wuta, duk suna iya jawo karayar ƙugu. Mu ajiye tocila kusa da gadon kaka, mu kwashe tarkace daga hanya. Idan tsoho ya faɗi ya kasa tsayawa, kada a ja shi da ƙarfi, a kai shi asibiti a ɗauki hoto, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko babban asibiti mafi kusa. Wanda ya kwanta ba ya iya motsi kuwa, a riƙa juya shi kamar duk bayan awa biyu don kada gyambo ya fito masa a baya. Mai ciwon suga a duba ƙafarsa kullum, saboda ɗan ƙaramin rauni kan zama babba. Idan kuma ruɗewa ta zo wa tsoho farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, a hanzarta zuwa wurin likita, don tana iya zama zazzaɓi ko ciwon mafitsara, waɗanda ake warkarwa.

Abu mafi wuya shi ne haƙuri. Kaka za ta tambaye ka sunanka sau goma, ko ta ce ka sace mata kuɗi alhali ita ta ɓoye su a ƙarƙashin matashi. Kada ka yi musu da ita, kada ka ɗaga mata murya. Ka ce, "Hajiya, bari mu nema tare." Kulle ta a ɗaki ko ɗaure ta ba magani ba ne, zalunci ne. Ya fi kyau a sanar da maƙwabta halin da take ciki, a kuma sa mata takarda mai lambar wayar gida a jikin zanenta.

Muna roƙon malamanmu, idan ɗalibi ya yawaita makara ko barci a aji, a tambaye shi abin da ke faruwa a gida kafin a ɗauko bulala. Muna kuma roƙon hukumar makaranta ta ba mu minti goma a taron safe na ranar 21 ga Satumba, ranar da duniya ta ware don wannan cuta, mu gayyato ma'aikacin jinya ya yi mana bayani.

Mu kuma 'yan'uwa ɗalibai, idan tsohuwar nan ta sake zuwa bakin ƙofa, mu gaishe ta, mu ba ta wurin zama a inuwa, ɗayanmu ya je ya kira mutanen gidansu. Ita ma ta taɓa goya wani ta kawo shi makaranta.