SANARWAR BAYAN TARON MALAMAI DA IYAYEN YARA NA MAZAƁAR KAIKAI

Malaman firamare da na Islamiyya da wakilan iyayen yara sun yi zama a Kaikai, ƙaramar hukumar Kusada, tare da baƙi daga Kankiya, kan yadda ake binciken koyon yara.

Taron ya lura cewa:

1. Masu bincike kan zo su zaunar da yaro, su ƙirga kalmomin da ya karanta, su tafi. Ba a tambayar ko ya karya kumallo, ko ya je makaranta makon jiya, ko malaminsa ya samu albashi.

2. Matsalolin a sarƙe suke. Wani malamin aji uku ya buɗe rajistarsa, aka ga yadda fashi ke yawaita da kaka. Yaro ya tafi yankan gero, ya dawo an wuce shi, ya sha bulala, ya fara ɓuya. Uba ya ga babu ci gaba, sai ya mai da shi gona dungurungum. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

3. Yarinyar da ke biya allonta ba gargada da asuba, ita ce ke yin gum a aji idan aka koma Turanci. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya fara a Ile-Ife a 1970 ya nuna amfanin koyarwa da harshen uwa. Haka ma shirin RANA na karatu da Hausa a Katsina da Zamfara.

Don haka taron ya cimma matsaya kamar haka:

1. Muna kira ga masu bincike na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, Dutsin-ma, su dubi gida da gona da makarantar allo da aji a matsayin tsari guda, su bi yaro shekara cur, rani da damina.

2. Kowace makaranta ta ajiye bayanin dalilin fashin yaro tare da makinsa.

3. Muna roƙon Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha (SUBEB) ta amince da darussan cike giɓi bayan girbi.

4. Duk wanda ya yi bincike a nan ya dawo ya karanta mana sakamakon da Hausa.

 Za a sake zama bayan an shigar da amfanin gona, kowane malami da rajistarsa a hannu.

Sa hannu:
Shugaban Taro
Sakatare