Labarin Aljanun Ayilan Ba Shirme Ba Ne



Makon jiya aka karɓe mini littafi a lokacin tara. Ba a cikin darasi nake karantawa ba, ina zaune ne a gindin darbejiya. Malamin ya duba bangon, ya tambaye ni labarin mene ne. Na ce na aljanun ƙasar Ayilan ne. Ya ce shirme ne, in nemi abin da zai amfane ni. Ban yi masa musu ba, domin ba haka aka koya mana a gida ba. Amma tunda an ce wannan allo na faɗin ra'ayi ne, ga nawa.

Sunan littafin Artemis Fowl. Yayana ne ya sayo shi wajen masu sayar da tsofaffin littattafai. An fara buga shi a 2001, kuma wanda ya rubuta, Eoin Colfer, malamin firamare ne a Ayilan kafin ya koma rubutu. Ina so malamanmu su lura da wannan: ɗan uwanku ne a aiki.

A tatsuniyoyin mutanen Ayilan akwai wani ɗan guntun aljani da suke kira lefrikon. Ɗinkin takalma yake yi, kuma yana da tukunyar zinariya a ɓoye. In ka kama shi dole ya nuna maka inda take, amma da ka ɗauke ido daga kansa ko sau ɗaya, ya ɓace. Colfer ya ɗauko wannan tsohon labari ya kawo shi zamaninmu. A littafinsa aljanun sun gudu daga mutane sun gina birni a ƙarƙashin ƙasa, suna da 'yan sanda da kwamfuta da makamai da suka fi namu. Sai wani yaro ɗan shekara 12 mai shegen wayo ya sace jami'arsu guda mai suna Holly Short, ya kulle ta a gidansu kusa da birnin Dablin, ya ce sai an ba shi zinariya tan ɗaya zai sake ta. Ka ga tukunyar zinariyar nan ta kakanni ta koma kuɗin fansa.

Abin da ya fi burge ni ke nan. In aka ce maka aljani yana can cikin daji, ba ruwanka, tunda ba dajin za ka ba. Amma in aka ce yana bin titin da kake bi zuwa makaranta, sai tsigar jikinka ta tashi. Mutanen Ayilan suna da wata da ake kira banshi, mace ce mai rusa kuka da dare idan wani a gidan ya kusa mutuwa. Da can a ƙauye ake jin ta. To ka ɗauka ka ji wannan kukan a bene hawa na goma, ga wutar lantarki, ga waya a hannunka, amma ba wanda za ka kira ya hana. Wallahi ni wannan ya fi ba ni tsoro. Akwai ma wani marubucin, Derek Landy, da ya fitar da Skulduggery Pleasant a 2007, inda ƙwarangwal mai binciken laifi yake yawo da mota a Dablin tare da wata yarinya sa'armu.

Na san abin da malam yake gudu. Wasu littattafan suna da abubuwan da ba su dace da mu ba, kuma na yarda babba ya duba kafin a ba yaro. Amma dubawa daban, ƙwacewa daban. Kuma ba wanda ya ce mu gaskata abin da ke ciki. Ƙagaggen labari ne. Ai a darasin Hausa ana karanta mana Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, akwai aljanu a ciki, ba a taɓa cewa shirme ba ne. Ni kuma kalmomin Turanci da na nema a ƙamus saboda wannan littafi sun fi waɗanda na nema duk zangon da ya wuce, don ina son sanin abin da zai faru.

Su mutanen Ayilan ba sa raina waɗannan labarai. A 1999 ana shirin gina babban titi a gundumar Clare, wani mai ba da tatsuniya, Eddie Lenihan, ya yi ta magana a kan wata 'yar bishiya da ake cewa matattarar aljanu ce, har aka bar ta ba a sare ba. Da na ji haka sai na tuna yadda kakata take hana mu zuwa gindin tsamiya da tsakar rana.

Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Daga 1937 zuwa 1939 an sa 'yan firamare a Ayilan, sama da 50,000 daga makarantu 5,000, su je wurin kakanninsu da tsofaffin unguwa su rubuto tatsuniyoyi da camfe-camfe a littafin rubutu. Har yau ana ajiye da rubutun a Dablin, kuma an sa shi a intanet. Yara ne kamar mu suka yi wannan aikin. Mu kuwa Gizo da Ƙoƙi da Dodo da 'yan ruwa suna bakin kakanninmu, mu muna kan waya. Ina roƙon ƙungiyarmu ta 'yan jarida, a hutun nan kowa ya rubuto guda ɗaya daga gida, sannan ya gwada sa Dodon a cikin Keke Napep ya ga yadda labarin zai kaya.

Shi kuma malam, don Allah ya karanta ko babi biyu ne kafin ya yanke hukunci. In ya gama ya taimaka ya dawo mini da shi, don na yayana ne, kuma na tsaya daidai inda aljanun suka saki wani ƙaton dodo a cikin gidan.