Kafin ka cire jeri daga jeri, faɗa wa kwamfuta me ake nufi da "iri ɗaya"

Jama'a, duk mai rubuta manhaja wata rana sai wannan aikin ya same shi: ga jeri biyu, a fitar da abin da ke cikin na farko wanda babu a na biyu. Misali, ɗaliban da suka yi rajista amma sunansu bai fito a jerin tallafin karatu ba. Da yawanmu sai mu kira array_diff a PHP ko filter a JavaScript, mu wuce abinmu. Ni a ganina, aikin gaske yana cikin ɗan fankshin ɗin da ke kwatanta abu biyu, kuma bai kamata ka bar wa kwamfuta ta yanke maka wannan hukunci ba.

Bari mu ɗauki misali daga nan Faransa inda nake karatu. Jirgin ƙasa na TGV yana haɗa Paris da Lyon tun 1981, tafiyar kusan awa 2. Tashar da ake hawansa a Paris sunanta Gare de Lyon. A yankin Lyon kuwa akwai Part-Dieu, Perrache da Saint-Exupéry. Idan fankshin ɗinka ya ce duk sunan da ke ɗauke da "Lyon" wuri ɗaya ne, to ka mayar da tashar Paris can Lyon ke nan. Idan kuma ya tsaya sai harafi ya yi daidai da harafi, "Exupéry" da "Exupery" sun zama tasha biyu. Shi ya sa bayanan da kamfanin SNCF ke wallafawa suke ɗauke da lambar UIC ta kowace tasha, wadda a Faransa take farawa da 87. Inda akwai lamba, kwatanta lamba.

Mu a gida abin ya fi haka zafi. Usman na Kano shi ne Ousmane a takardun Maraɗi, Abubakar kuma Aboubacar. Kuskure a nan yana iya sa mutum ya rasa haƙƙinsa.

Ga wani tarkon kuma. Dabarar da ake yawan kwafowa daga intanet ita ce normalize("NFD"), wadda ke raba é zuwa e da alamarta, sai a goge alamar. Ta yi wa Faransanci daidai, amma ba ta taɓa ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, domin a Unicode kowannensu harafi ne mai zaman kansa. Kai za ka zaɓa: a sunan mutum ƙila ka ɗauki Ɗanjuma da Danjuma ɗaya ne, amma a ƙamus "bata" da "ɓata" ba su haɗa hanya ba.

Masu PHP, ku kula: array_udiff yana fara tsara jerin ne kafin ya cire, don haka dole fankshin ɗinku ya mayar da ƙasa da 0, ko 0, ko sama da 0. Idan 0 da 1 kaɗai kuke ba shi, zai iya kawo sakamakon banza ba tare da ko ƙorafi ba. Shi kuwa differenceWith na Lodash eh ko a'a yake so.

Wani zai ce wannan ɓata lokaci ne, ai ChatGPT zai rubuta a daƙiƙa biyar. Zai rubuta kam, amma sai ka gaya masa ko Usman da Ousmane mutum ɗaya ne a aikinka. Batun sauri kuwa, jeri biyu masu abu 10,000 kowanne na iya cin kwatance miliyan 100 idan ana bi ɗaya bayan ɗaya. Ka fitar da mabuɗi guda ga kowane abu, ka zuba a Set, aiki ya ragu zuwa kusan 20,000.

Shawarata: rubuta ƙa'idar "iri ɗaya" da Hausa a takarda tukuna, ka gwada ta da sunaye goma masu rikitarwa, sannan ka buɗe kwamfuta. Ku turo mana sunayen da suka taɓa rikita muku manhaja, mu gwada su a bidiyo na gaba.