Gyaran Gida da Hannunki: Ki Duba Bango Kafin Ki Sayi Takarda



Ranar zubinmu ta makon jiya mata uku suka ɗaga hannu neman bashi daga akwati. Biyu daga cikinsu buƙatarsu ɗaya ce: za su aurar da ɗiya bayan girbi, kuma suna son a manna wa ɗakin amarya takardar bango, wadda ƴan kasuwa ke kira walfefa. Shi ya sa na ce bari wannan karon mu yi maganarta, don ni na taɓa ƙonewa a kanta.

Shekara biyu ke nan, lokacin bikin ɗiyar ƙanwata. Mai aikin da muka kira ya faɗi kuɗin hannunsa, na ce wallahi da in ba shi wannan gara a ƙara wa yarinya tukwane. Muka sayo rulo tara, ni da ƙanwata muka yi kwana biyu muna mannawa. Ɗaki ya fito, maƙwabta na ta shigowa kallo. Saura kwana huɗu a kai amarya muka buɗe ƙofa, sai ga rabin takardar a ƙasa, sauran na reto kamar an shanya zane. Na juya bayanta, na gan shi fari fat. Ashe farar ƙasar da aka shafa wa bangon ce ta biyo gam ɗin ta taho gaba ɗaya. Kuɗin kuwa na akwati ne, sai da na biya su har da riba.

Aikin bai fi ƙarfin mace ba. Wadda ta iya yanka yadi ta haɗa zanen atamfa fure da fure, ta iya wannan. Abin da ya kayar da mu shi ne ba mu duba bangon ba.

To ga yadda ake dubawa. Ki shafa tafin hannunki a jikinsa. In hannun ya fito da gari, bangon ba zai riƙe komai ba sai an jiƙa shi an kankare, an wanke, an bar shi ya bushe. Sannan ki duba gindin bango, inda laimar damana ke hawowa. In kin ga fenti ya kumbura, ko wani farin abu kamar kanwa ya fito, akwai danshi. In kina kokwanto, ki manna ƴar leda a wurin, ki rufe gefunanta da salatif, ki bar ta kwana biyu. In ta yi gumi ta ciki, kada ki manna komai sai an gyara inda ruwan ke shigowa. Sabon shafen siminti kuma a ba shi aƙalla wata guda ya bushe.

Masu ginin laka da ba a shafe da siminti ba, ku yi haƙuri da takarda. Ba ta zama, kuma gara na samun abinci da maɓoya a bayanta. Ki buga ƙusa ki ja igiya ki rataya labule mai kyau, in ya yi datti ki sauke ki wanke. Mai gidan haya kuma ta nemi izinin mai gida tukuna, kada ranar tashi a ce ta ɓata bango.

In bango ya ci jarrabawa, sai awo. Rulon da aka fi sani faɗinsa santimita 53 ne, tsawonsa mita 10 da ƴan kai. Mu ɗauki ɗaki mai mita 4 da mita 3, tsayin bango mita 2 da santimita 80. Kewayensa mita 14 ke nan, wato falle 27. Kowane falle ki ƙara masa santimita 10 don gyaran sama da ƙasa, sai rulo ɗaya ya ba ki falle 3. Rulo 9 ke nan. In zanen mai manyan furanni ne da sai an haɗa su, ki ƙara rulo ɗaya ko biyu, don haɗin na cin takarda. Akwai kuma masu faɗin santimita 45, saboda haka ki karanta abin da ke jikin ledar kafin ki yi lissafi. Ki tabbata lambar bugu da ke jikin kowane rulo iri ɗaya ce. In ta bambanta, launin na iya bambanta, kuma ba za ki gani ba sai ya hau bango.

Ki tambayi mai shago wace iri ce ya ba ki. Akwai wadda ake shafa wa gam a baya, a ninke ta a bar ta ta sha kamar minti 5 zuwa 10. Akwai wadda bangon ake shafa wa gam, ita a ɗora ta a bushe, kuma ita ta fi sauƙi ga mai koyo. Akwai mai gam a jikinta, wadda ake ɓare bayanta a manna. Wannan ta ƙarshe sai bango mai santsi ƙwarai, kuma a ɗakin kwano marar silin zafin bazara na sa ta saki daga sama. Don Allah kada ki dama fulawa ko sitaci a madadin gam don neman sauƙi. Kyankyasai da gara kika dafa wa tuwo.

Ranar aiki ki nemi ƴar uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku tanadi almakashi, sabuwar reza, buroshi, bokiti, tsumma mai tsabta da benci mai ƙarfi. Ku cike ramukan ƙusa tun jajibiri. Falle na farko shi ne uwar aikin, kuma kada ki yarda da kusurwar ɗaki, don ba kowane magini ke fitar da ita daidai ba. Ki ɗaura ƙaramin dutse a zare, ki sake shi daga sama, in ya daina lilo ki ja layi da fensir. Wannan layin za ki bi.

Ki fara daga sama, ƴar uwarki na riƙe da ƙasan. Ki riƙa shafawa da tsumma daga tsakiya zuwa gefe don iska ta fita. Falle na biyu ya zo baki da baki da na farko, kada ya hau kansa. Gam ɗin da ya ɓullo ki goge shi nan take da tsumma mai ɗan ruwa. In kin iso wurin makunnin lantarki, ki kashe wutar gidan gaba ɗaya kafin ki kai reza. Da kun gama ku rufe ƙofa da taga, ku kashe fanka, ku bar ɗakin kwana ɗaya ko biyu. A lokacin iskar ɗari wannan ya fi muhimmanci, don in ta bushe da gaggawa bakunan na buɗewa.

Yanzu mu koma kan kuɗi, tunda a nan muka faro. A ce rulo ɗaya jika 5 ne. Rulo 9 jika 45 ke nan, ban da gam. A ƙungiyarmu ribar bashi kashi 10 cikin 100 ce a wata, wato jika 4 da rabi duk wata, a kan abin da ba ya haihuwar ko dala. Bashin akwati an yi shi ne don ya shiga sana'a ya dawo da ɗan'uwansa. Shawarata, a yi bango ɗaya kawai, wanda gado ke jingine da shi. Falle 8 ne, rulo 3, sauran a yi musu fenti mai launin da ya dace. Da ma sauran bangon kabad da jeren kwanuka ne za su rufe shi. Kuma a fara tara kuɗinsa daga ribar sana'a tun ranar da aka sa rana, ba a fafe gora ranar tafiya.

Wadda hannunta ya faɗa kuma, ta sani akwai gidaje da yawa da ba a son namiji baƙo ya shiga har ƙuryar ɗakin mace. Mace mai wannan aikin ba za ta rasa kira ba lokacin bukukuwa. In kin ci bashi don sayen kayan aikin, wannan bashi ne mai biyan kansa. Amma ki fara koyo a bangon ɗakinki, kada ki fara a ɗakin amaryar mutane kamar yadda na yi.

Matan nan biyu mun yi da su ranar Asabar zan je mu duba bangon tare, kafin sakatariya ta rubuta ko jika ɗaya a littafi. Ku ma in wata ta kawo irin wannan buƙata a ƙungiyarku, ku tura mata mutum biyu su shafa hannu a bangon tukuna.

Allah ya sa albarka a zubinmu, ya ba ƴaƴanmu zaman lafiya a ɗakunansu. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.