Gure: Laka Ba Ta Cin Zaɓe

Matafiyin da ya baro Damagaram ya nufi gabas a kan Hanyar Haɗin Kai, bayan tafiyar kilomita 160 da ɗoriya zai riski Gure, tsohuwar fadar ƙasar Muniyo, inda Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a watan Disamba na 1852 a zamanin Muniyoma Koso. Abu biyu ne ke fara ɗaukar idon baƙo a yau: ƙyallin rufin kwano a rana, da kuma rairayin da iska ke turowa bakin katangu. Mahukunta kan ƙirga na farko a cikin ci gaba, su bar na biyu a kan ƙaddara, alhali kuwa akwai zumunta tsakaninsu.

Tun zamanin Faransawa takardun gwamnati suka raba gini gida biyu. Akwai abin da ake kira kayan gini na dindindin, wato siminti da ƙarfe da kwano, sauran kuwa duk na wucin gadi ne. Da wannan alƙalami aka yanke wa laka hukunci, ko da yake fadar Sarkin Damagaram, wadda aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, ta ga bayan ofisoshin siminti masu yawa. Babban Taron Ƙasa na 1991 ya tankaɗe al'amura da dama, amma wannan ra'ayi ya tsallake rariya. Da aka shiga mulkin jam'iyyu sai ma ya ƙara ƙarfi, domin ɗan takara yana son abin da za a yanke wa ƙyalle a ɗauki hoto, ɗan kwangila kuma yana son aikin da ke da rasit mai kauri.

To, wa ke biyan kuɗin wannan ra'ayi? Daga masana'antar siminti ta Malbaza zuwa Gure tafiyar kusan kilomita 600 ce, kowane buhu kuma da ladan mota a kansa. Wanda ke shigowa daga Najeriya ya dogara ga lafiyar iyaka, kuma ƴan kasuwa ba su manta da rufewar 2019 ba, balle takunkumin 2023. Dattawan ma'aikata kuwa suna tune da Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, albashi na makara, gidajen da aka soma suka tsaya iya taga. Wanda ya daure ya kammala, me ya samu? Ɗakin bulo mai rufin kwano, wanda a watan Afrilu da Mayu ba ya shiguwa sai da fanka. Da Najeriya ta yanke wuta a Agustan 2023, mai soron laka ya yi barcinsa, mai gidan zamani ya fito tsakar gida da tabarma.

Ba a ce ginin gargajiya ba shi da aibi ba. Soro yana cin azara, azara kuwa giginya ce da goruba. Duk itacen da aka sare a bakin kwari, an buɗe wa rairayi ƙofa zuwa ga dabino da gonaki da wuraren kanwa, waɗanda su ne arzikin wannan yanki. Wannan ne ya sa mutane da yawa suka koma ga kwano, ba don ƙyale-ƙyale ba. Sai dai maganin matsalar ya daɗe da shigowa ƙasar. A 1980, a Cikal ta yankin Filinge, aka fara gwada gini ba da itace ba, inda ake tayar da baka da tulluwa da tubalin laka zalla, dabarar da aka aro daga maginan Nuba na ƙasar Masar. An horar da magina a sassan ƙasa, an yi ofisoshi da ɗakuna da suka tsaya. Da masu ba da agaji suka naɗe tabarmarsu, gwamnatoci ba su mayar da abin nasu ba.

Abin takaici shi ne duniya ta riga gida ganin darajar wannan sana'a. Malam Falke Barmu, maginin masallacin Yama a jihar Tawa, ya karɓi kyautar Aga Khan a 1986. A 2018 Mariam Kamara da abokiyar aikinta suka kammala masallaci da ɗakin karatu a Dandaji da tubalin ƙasa da aka matse. Amma a shekarar nan ta 2018, da aka yi bikin Zinder Sabuwa, kwalta da siminti ne suka ci kasuwa, kuma hidimar ta tsaya a babban birnin jiha. Gure sai dai ta ji a rediyo.

Masu adawa da laka za su kawo hujjar damanar 2024, wadda ta hallaka mutum fiye da 300 a ƙasar, ta kuma kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram a farkon Satumba. Hujja ce mai nauyi, ba a raina ta. Amma kowane magini ya san abin da ke kayar da soro: harsashi marar ƙwari, indararon da ya toshe, yaɓen da aka tsallake shekara da shekaru, da fegin da aka yanka a kan hanyar ruwa domin asusun magajin gari ya samu shiga. Bayan ambaliyar gwamnati ta rage farashin siminti, kuma talaka ya ji daɗi. Da an haɗa da koyar da harsashin dutse da gyaran magudanai, da taimakon ya kai ga wanda ko a sabon farashin ba zai iya sayen buhu hamsin ba.

Inda wannan ra'ayi ya fi ciwo shi ne makaranta. Tun da ajin siminti kaɗai ake lissafawa a matsayin aji, kuɗinsa kuma ba ya isa, sai a zuba yara cikin rumfar zana ana jiran ranar da kwangila za ta fito. A 2021 gobara ta cinye irin waɗannan azuzuwa a Yamai da Maraɗi, yara fiye da arba'in suka rasu.

Tun Afrilun 2024 aka rushe majalisun gundumomi, aka naɗa wakilan gwamnati a madadin zaɓaɓɓu. Wanda ke riƙe da Gure ba ya neman ƙuri'ar kowa, saboda haka ba shi da uzurin da ƴan siyasa suka fake da shi. Yana iya ware azuzuwa uku daga aikin da ke tafe, ya ba maginan garin su gina da tubali da tulluwa a kan harsashin dutse, a rubuta kuɗin yaɓen kowace shekara cikin kasafi, sannan a liƙa lissafin abin da aka kashe a ƙofar ma'aikata ranar kasuwa, kusa da lissafin ajin siminti.