Ɓeran Ɗakin Gwaji da Ɗalibi Mai Shan Ƙwaya

Duk lokacin da jarrabawa ta ƙarato, akan ji wasu ɗalibai suna kare shan ƙwayoyi masu zaburar da ƙwaƙwalwa, suna cewa ai masana sun gwada su a kan ɓeraye, an kuma ga sun ƙara musu ƙarfin tunawa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai rabinta kawai aka ɗauko.

Haƙiƙa ɗan ƙanƙanin metilfenidet, wato Ritalin da likitoci ke ba yara masu matsalar rashin natsuwa, yana ɗaga sinadaran dofamin da noradirenalin a sashen gaba na ƙwaƙwalwar ɓera, sai ya fi iya tuna lungun da ya samu abinci a akwatin gwaji. Da zarar an ninka adadin kuwa, al'amarin sai ya juye: ɓeran ya yi ta kai-kawo, yana nanata motsi guda, abin da ya koya kuma ya kuɓuce masa. Tun a 1908 Robert Yerkes da John Dodson suka lura da makamancin haka a kan ɓeraye, kodayake su da jan lantarki suka yi gwajinsu: matsakaiciyar zaburarwa tana taimaka wa koyon abu mai wuya, wadda ta wuce kima kuma tana ɓata shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da ke saura bayan an daina. A 1997 Terry Robinson da Bryan Kolb sun nuna cewa ɓerayen da aka yi ta yi wa allurar amfetamin sun samu sauyi a rassan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, har da sashen da ke kula da sha'awa da jin daɗi, kuma sauyin yana nan fiye da wata guda bayan allurar ƙarshe. Ƙwaƙwalwar ta yi hadda, amma ƙwayar ta haddace. Metamfetamin kuwa, idan ya yi yawa, yakan lalata bakunan jijiyoyin dofamin, har ɓera ya kasa rarrabe abin da ya taɓa gani da sabo.

Mai gwaji yana auna maganin daidai da nauyin kowane ɓera, miligiram kaza ga kowane kilo, a ƙayyadadden lokaci. Ɗalibin da ya sayi ƙwaya a bayan fage bai san abin da ke cikinta ba, balle yawansa. Ga shi tana hana shi barci, alhali a cikin barci ne hifokamfas, sashen da ke fara adana sabon ilimi, yake bitar abin da aka koya da rana. Wannan ma a kan ɓeraye aka nuna shi, a binciken Matthew Wilson da Bruce McNaughton na 1994.