Ba rashin sabis ba ne ya tsayar da IReV a 2023

Duk lokacin da aka tayar da batun tura sakamakon zaɓe ta intanet, hujjar masu adawa ɗaya ce: karkara ba sabis. Ƙananan hukumomi irin Kirikasamma a Jihar Jigawa sun dace da wannan hoton, domin yankin na cikin dausayin Haɗeja da Nguru, kuma in kogi ya cika, wasu ƙauyukan sai da kwale-kwale. Sai dai abin da ya faru ranar 25 ga Fabrairun 2023 bai goyi bayan hujjar ba.

A ranar, na'urar BVAS ɗaya ce a rumfa take ɗaukar hoton takardar sakamakon shugaban ƙasa, da ta sanata, da ta ɗan majalisar wakilai. Na 'yan majalisa sun riƙa hawa shafin IReV, na shugaban ƙasa ya ƙi. Da sabis ne ya yanke, da duka ukun sun maƙale.

Rahoton da INEC ta fitar a Fabrairun 2024 ya ce uwar garken ta riƙa mayar da saƙon kuskure na HTTP 500. Masu gyaran sadarwa kan bi tangarɗa mataki-mataki: da umarnin ping su ga ko hanya a buɗe take, da traceroute su gano inda ta yanke, da curl su ji amsar uwar garke. Lambar 500 na nufin saƙo ya isa, mai karɓa ne ya gaza. A cewar hukumar, an tsara manhajar tana ajiye sakamako jiha-jiha, zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na wata jiha ba ne, sai ta rasa inda za ta sa shi. Sai ƙarfe 8:55 na dare sakamakon farko ya hau.

Wannan bambanci yana da nauyi ga mai zaɓe a Baturiya ko Kirikasamma. A Oktoban 2023 Kotun Ƙoli ta yanke cewa rashin ɗora sakamako a IReV bai isa soke zaɓe ba. Idan kalmar "tangarɗa" ta wadatar ba tare da an faɗi inda ta auku ba, yankin da aka riga aka yi wa tambarin rashin sabis shi ne mafi sauƙin fakewa da shi, alhali BVAS na iya riƙe hoton har ta samu sabis ta aika.

Kafin 2027, abin da ya kamata jam'iyyu da ƙungiyoyin sa ido su nema shi ne a wajabta wa INEC buɗe kundin aikin kowace na'ura: lokacin da aka ɗauki hoto, lokacin da aka gwada turawa, da amsar da ta dawo. Da wannan kundin ne za a rarrabe gazawar na'ura, da ta kamfanin waya, da ta hukumar kanta.